IBNUSH SHAƊIR: SHUGABAN LADANAN DIMASHƘA WANDA YA BI SAWUN RANA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana rana da wata, Ya kuma sanya wa salloli lokuta sanannu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan hunturu ya kama, sai mu ji gardama ta tashi a ƙofar masallatanmu na Bengu da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Dattijo ya auna inuwarsa da taku ya ce la'asar ta yi, saurayi ya dubi agogo ya ce da saura, ladan kuma yana tsaye tsakaninsu bai san wanda zai bi ba. Haka nan idan azumi ya zo, wani yakan sha ruwa da kiran sallar da ya ji a rediyon wani gari mai nisa, alhali rana ba ta faɗi a garinsa ba. Babban asalin wannan saɓani shi ne rana ba ta bin hanya guda a sararin sama daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, kuma ba ta faɗuwa lokaci guda a kowane gari. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana lura da tafiyar rana domin hidimar masallaci, wato Ibnush Shaɗir na Dimashƙa, Allah Ya jiƙansa.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

Sunansa Aliyu ɗan Ibrahim ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abul Hasan, laƙabinsa Ala'uddini, ana kuma danganta shi ga Ansaru. An haife shi a birnin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekara ta 705 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da wajen 1305 ta Miladiyya. A lokacin sarakunan Mamluk ne ke riƙe da Masar da Sham, fadarsu tana Alƙahira.

Dimashƙa ta wancan zamani cike take da malaman da muke karanta littattafansu har yau. A cikinta Ibnu Taimiyya ya rasu a 1328, Imam Zahabi a 1348, Ibnul Ƙayyim a 1350, Ibnu Kasir mai tafsiri a 1373. A Alƙahira kuwa Shaihu Halil, mai Muhtasar ɗin da muke karantawa a zaurukanmu, tsaransa ne. Yana ɗan kimanin shekara 20 Mansa Musa, sarkin Mali, ya ratsa Masar zuwa aikin hajji a 1324. Mun kawo waɗannan sunaye ne domin ku san cewa mutumin da muke magana a kansa ya tashi ne a tsakiyar malaman shari'a.

Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 6, sai riƙonsa ya koma hannun kakansa. A gidan danginsa ya koyi sana'ar dasa hauren giwa cikin katako, wadda ake ƙawata ƙofofi da akwatuna da mumbarai da ita, har aka riƙa yi masa laƙabi da wannan sana'a. Aiki ne da ba ya karɓar kuskure, domin idan ramin da aka fafe ya ɗara gutsuren hauren da ko da ƙwayar gero, ba zai zauna ba. Hannun da ya saba da wannan awo tun yana yaro, shi ne daga baya ya zana layukan sa'o'i a kan tagulla da dutse. Wannan abin lura ne ga iyayen da ke ganin koyon sana'a na hana yaro karatu.

NEMAN ILMINSA

Tun yana yaro ƙarami ya tafi Alƙahira da Iskandariyya neman ilmin lissafi da na falaki. A wancan lokaci Masar ce cibiyar fannin da ake kira ilmin miƙati, wato sanin lokutan salla da alƙibla ta hanyar lissafin rana da taurari. A Alƙahira ne Abu Ali al-Marrakushi ya wallafa babban littafinsa Jami'ul Mabadi wal Gayat wajen 1280, wanda ya tattara hanyoyin wannan lissafi da siffofin kayan awo. A Masar ɗin ne kuma, cikin ƙarni na 13, aka fara ɗaukar malami na musamman a manyan masallatai, ana kiransa muwaƙƙit, aikinsa ya tsare lokaci ya sanar da ladanai, ana biyansa daga dukiyar waƙafi kamar yadda ake biyan liman.

A nan ya wajaba mu rarrabe abu biyu da jama'a ke cuɗawa. Akwai duba da taurari, wanda mai shi ke riya sanin gaibu, ya ce wa wannan kada ka yi tafiya, ya ce wa waccan aurenki ba zai yi albarka ba. Wannan shari'a ta hana shi, kuma ba mu da rabo a cikinsa. Akwai kuma lissafin tafiyar rana da wata domin sanin zawali da la'asar da alfijir da fuskar Ka'aba. Wannan hidima ce ga salla, domin shigar lokaci sharaɗi ne, wanda ya yi salla kafin lokacinta sai ya sake ta. Aikin muwaƙƙit shi ne na biyun.

AIKINSA A MASALLACIN BANU UMAYYA

Da ya komo gida, sai ya shiga hidimar babban masallacin Dimashƙa, wanda Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya gina a farkon ƙarni na 8. Ibnu Baɗuɗa, wanda ya ziyarci birnin a 1326, ya ƙidaya ladanai 70 a wannan masallaci. Ibnush Shaɗir ya kai ga zama shugaban muwaƙƙitai kuma shugaban ladanai a cikinsa. Ku dubi nauyin da ke wuyansa: birni guda yana jiran ishararsa kafin ya sha ruwa, kafin ya kama baki, kafin ya tsaya sahu.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. Kafin shi akwai Shamsuddini al-Mizzi, wanda ya shahara da ƙera kayan awo, tare da shi kuma akwai Shamsuddini al-Halili, wanda ya tsara jadawalan lokutan salla na Dimashƙa da aka yi ta aiki da su har ƙarni na 19. Al-Halili ya kuma lissafa jadawalin alƙibla ga kowace daraja, daga daraja 10 zuwa 56 arewa da layin tsakiyar duniya, da nisan da ya kai daraja 60 gabas ko yamma da Makka. Bengu tana wajen daraja 12 arewa, tana kuma yamma da Makka da kimanin daraja 36. Ashe alƙiblar garinmu tana cikin faɗin lissafin da aka yi a Sham tun shekara 600 da suka wuce.

Allah Ya yi wa Ibnush Shaɗir buɗi, ya mallaki gida a kusa da Ƙofar Faradis wanda marubuta tarihi suka ƙidaya cikin kyawawan gidajen birnin. Masanin tarihi Salahuddini as-Safadi ya ziyarce shi a watan azumi na shekara ta 743, wato 1343, ya ga wani usɗurlabi, faifan awon taurari, kafe a jikin bango yana juyawa da kansa dare da rana, yana nuna sa'o'i, ba tare da ruwa ko yashi ba. Shekara 5 bayan haka annobar ɗa'un ta auka wa Sham a 1348, ta ci jama'a masu yawa. Allah Ya tsawaita kwanansa, ya ci gaba da aikinsa kusan shekara 27 bayan ta.

ABIN DA YA AUNA GAME DA RANA

Tushen ilmin miƙati duka shi ne abin da malaman falaki ke kira karkatar rana. Duk wanda ya tsaya wuri guda yana duban gabas kowace safiya zai ga rana ba ta fitowa daga gurbi ɗaya. Wajen 21 ga Maris takan fito daga gabas sak. Daga nan ta riƙa matsawa arewa kullum har wajen 21 ga Yuni, sa'an nan ta juyo, ta sake ratsa gabas sak wajen 23 ga Satumba, ta ci gaba kudu har wajen 21 ga Disamba, ta kuma juyowa. Da yawa daga malaman tafsiri sun fassara mafita biyu da mafaɗa biyu da aka ambata cikin Suratur Rahman da waɗannan iyakoki biyu, na lokacin zafi da na lokacin sanyi.

Tambayar da ke gaban muwaƙƙit ita ce: iyakar wannan karkata daraja nawa ce? Domin a kanta ake gina tsawon yini, da tsawon inuwa, da lokacin kowace salla. Ibnush Shaɗir bai wadatu da adadin da ya gada daga littattafai ba, ya auna da kansa a Dimashƙa, ya sami daraja 23 da daƙiƙa 31. Masana na yau suna samun daraja 23 da daƙiƙa 26, sun kuma gano cewa wannan karkata tana raguwa a hankali, ƙasa da daƙiƙa 1 cikin kowace shekara 100. Idan aka mayar da lissafin baya zuwa zamaninsa, adadin da ke fitowa shi ne wanda ya samu. Ya yi wannan da idonsa da kayan tagulla, ba tare da madubin hangen nesa ba.

Shi da malaman zamaninsa sun bayyana al'amarin da cewa hanyar rana a sama ce ta karkace. Ilmin yau ya tabbatar da cewa ƙasa ce ke kewaya rana sau ɗaya a shekara, tana jirkice da wannan adadi na daraja, sai ta ba rana ɓangarenta na arewa rabin shekara, na kudu rabin shekara. Abin da ido ke gani ɗaya ne ta kowace fuska aka bayyana shi, inuwar da shari'a ta rataya hukunci a kanta kuma ba ta sāke ba. Nisan rana ba shi ne ke kawo zafi da sanyi ba: ƙasa ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da muke lulluɓe da bargo, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152.

YADDA ABIN YAKE A BENGU

Bari mu sauko da wannan magana ƙofar gida. Mutum idan ya auna tsawonsa da tafin ƙafarsa, yakan sami kimanin taku 7. Lokacin zawali a ƙarshen Disamba, inuwarsa a Bengu takan kwanta arewa, tsawonta kusan taku 5. Daga nan ta riƙa gajercewa, wajen 21 ga Maris ta koma kimanin taku 1 da rabi. Wajen 21 ga Afrilu rana takan tsaya a tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Wannan ne tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai matuƙa kafin ruwa ya sauka. Bayan haka inuwar zawali ta koma kudu, ta kai kusan taku 1 da rabi a ƙarshen Yuni. Wajen 21 ga Agusta rana ta sake tsayawa a tsakar ka, sai dai hadari da ruwan damina sukan rage mana kaifinta. Daga nan inuwa ta koma arewa, tana tsawo cikin kaka, har hunturu ya dawo, masu gishirin Foga su koma bakin aikinsu.

Mutanen Dimashƙa ba su taɓa ganin haka ba. Garinsu yana daraja 33 da rabi arewa, rana ba ta tsayawa a kansu ko sau ɗaya, inuwar zawali kullum arewa take, a Disamba kuma takan haura taku 10. Yininsu yakan kai awa 14 da ɗoriya a Yuni, ya sauko wajen awa 10 a Disamba. Namu kuwa tsakanin awa 12 da minti 50 ne da awa 11 da minti 25. Wannan ya nuna cewa adadin takun da aka haddace daga littattafan Magrib ko na Sham gaskiya ne ga garuruwansu, amma ba a ɗauko shi a aza wa Bengu ko Gaya ko Kamba. Hadisin Ibnu Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, ya nuna cewa tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, awon inuwar azahar na lokacin zafi daban yake da na lokacin sanyi.

To, a nan gardamar ƙofar masallaci take warwarewa. Malamanmu na Malikiyya sun ce la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ware inuwar da zawali ya tarar. Ranar da rana ke tsakar ka, taku 7 ya isa. A ƙarshen Disamba kuwa sai an haɗa 7 da 5, ya zama taku 12. Wanda ya riƙe taku 7 shekara duka, zai kira la'asar a hunturu kafin lokacinta da fiye da awa 1. Mai agogo shi ma bai tsira ba idan ya kafe a kan ƙarfe guda, domin zawali a Bengu yakan zo wajen ƙarfe 12 da rabi a farkon Nuwamba, ya jinkirta har wajen ƙarfe 1 a tsakiyar Fabrairu. Faɗuwar rana kuma tana tafiya tsakanin wajen ƙarfe 6 da kwata a Nuwamba da wajen ƙarfe 7 da kwata a farkon Yuli.

AGOGON INUWA NA HASUMIYA

A shekara ta 773, wato 1371 zuwa 1372, yana dattijo ya kusa shekara 70, ya ƙera aikin da ya fi shahara da shi a idon jama'a. Wani falalen dutsen marmara ne, tsawonsa kimanin mita 2, faɗinsa mita 1, ya zane shi da layuka, ya ɗora shi a hasumiyar arewa ta masallacin, wadda ake kira Hasumiyar Amarya. Daga inuwar da ke faɗawa a kansa, ladan yakan karanta sa'o'in da suka wuce tun hudowar rana, da waɗanda suka rage kafin zawali, da kafin la'asar, da kafin magariba.

Hikimar da ke cikinsa ita ce wannan. Mutanen dā sukan raba yini kashi 12 ko ya yi tsawo ko ya gajarta, saboda haka sa'ar Dimashƙa takan haura minti 70 a lokacin zafi, ta koma wajen minti 50 a lokacin sanyi. Ibnush Shaɗir ya jinginar da ƙarfen da ke jefa inuwa, ya sa ya nufi gurbin tauraron arewa, wanda sauran taurari ke kewayawa. Da wannan jingina, inuwar takan nuna sa'o'i madaidaita, tsawonsu ɗaya rani da damina, irin waɗanda agogonmu ke ƙirgawa. A cikin agogunan inuwa masu irin wannan ƙarfe da suka wanzu, nasa ne mafi tsufa. Da za a ƙera irinsa a Bengu, sai a jinginar da ƙarfen da daraja 12 kawai, gwargwadon yadda muke hango wancan tauraro ƙasa-ƙasa a arewa.

Wannan dutse ya yi hidima kimanin shekara 500. Ya fashe a ƙarni na 19, sai muwaƙƙitin masallacin na lokacin, Shaihu Ɗanɗawi, ya ƙera madadinsa bisa siffarsa a 1876. A 1958 aka tono gutsattsarin na asali a kusa da masallacin, aka kai su gidan tarihi na Dimashƙa.

Ya kuma ƙera wani ƙaramin akwati da ke zama a tafin hannu, ya kira shi Sanduƙul Yawaƙit, a shekara ta 767 bayan Hijira. A cikinsa akwai agogon inuwa da ake ɗagawa ko a sauke gwargwadon garin da mutum yake, da alamun alƙiblar wasu birane. An sami wannan akwati a birnin Halab. Ya kuma rubuta risaloli masu yawa kan usɗurlabi da rubu'i da yadda ake aiki da su.

LITTATTAFANSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Fiye da shekara 1,000 malaman falaki suna bin tsarin Baɗlaimus, masanin Iskandariyya na ƙarni na 2. Malaman Musulmi sun girmama shi, amma ba su rufe ido a kan kurakuransa ba. Ibnul Haisam ya rubuta littafi kan shakkokinsa game da shi, Nasiruddini aɗ-Ɗusi da Mu'ayyaduddini al-Urdi da Ƙuɗubuddini ash-Shirazi kuma suka yi ƙoƙarin gyara a ƙarni na 13. Ibnush Shaɗir ya karanci ayyukansu, ya gina a kansu cikin littafinsa Nihayatus Sul fi Tas'hihil Usul, sa'an nan ya fitar da jadawalai cikin az-Zijul Jadid, wanda aka daɗe ana aiki da shi ana yi masa sharhi a Sham da Masar.

Abin da ya bambanta shi shi ne ya riƙa gwada lissafi da abin da ido ya gani. Misali, bisa tsarin Baɗlaimus, wata a daren 7 ya kamata ya matso kusa har faɗinsa ya kusa ninka na daren 14. Kowane makiyayi ya san ba haka abin yake ba. Ibnush Shaɗir ya sake tsara lissafin wata har ya dace da gani. Haka ya yi wa lissafin rana, bayan ya lura da yadda girman faifanta ke ɗan sākewa a cikin shekara.

A 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, tare da malaminsa Edward Kennedy na jami'ar Amurka da ke Bairut, suka bayyana cewa lissafin wata na Ibnush Shaɗir daidai yake da wanda Kofanikus na ƙasar Folan ya buga a 1543, shekara 168 bayan rasuwarsa; daga baya aka ga irin wannan kama a lissafin wasu taurari. Amma amana ta hana mu ƙara gishiri. Wasu marubuta suna cewa shi ne ya fara faɗin ƙasa na kewaya rana; wannan ba daidai ba ne, domin a tsarinsa ƙasa ce a tsakiya. Darajarsa ta gaskiya ta ishe shi, ba ya bukatar a ara masa wata.

RASUWARSA

Allah Ya karɓi ransa a Dimashƙa a shekara ta 777 bayan Hijira, wato 1375, yana da kimanin shekara 70. Ibnu Hajar al-Asƙalani ya kawo tarihinsa cikin ad-Durarul Kamina, a jerin manyan mutanen ƙarni na 8 na Hijira, tare da malaman hadisi da alƙalai. Allah Ya gafarta masa, Ya saka masa da alheri gwargwadon sallolin da aka yi a kan lokaci ta dalilinsa.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Ya ku ƴan'uwa, ba mu kawo wannan tarihi domin alfahari da magabata kawai ba. Akwai abubuwan da kowane masallaci zai iya yi tun daga wannan mako.

Na farko, a kafa sanda miƙaƙƙiya a wuri mai daidai a harabar masallaci, a sa wa wani almajiri mai hankali ya riƙa alamta ƙarshen inuwarta kafin rana ta take tsaka da bayanta. Inda inuwar ta daina gajercewa ta fara tsawo, nan ne zawali, tsawonta a wannan lokaci kuma shi ne za a ƙara a kan tsawon sandar domin sanin la'asar. Idan aka rubuta wannan kowace Jumma'a har shekara ta zagayo, masallacin ya mallaki jadawalinsa na kansa, wanda zai yi masa aiki kowace shekara.

Na biyu, a dubi sunan garin da ke jikin kalandar salla kafin a rataye ta. Mu da Najeriya da Binin agogonmu ɗaya ne, amma ranarmu ba ɗaya ba ce. Kowace daraja ta gabas ko yamma minti 4 ce. Kano tana riga mu da kimanin minti 20, Damagaram da ɗan fiye da haka, Sakkwato da kimanin minti 7, Yamai kuma tana bayanmu da kimanin minti 6. Mu da muke zaune a kan iyaka, kalanda na shigo mana daga kowace fuska, rediyo kuma ba ya tsayawa a kan iyaka. Wanda ya buɗe baki a Bengu da kiran sallar Kano ya ci abinci rana tana sama.

Na uku, maganar alƙibla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, wasu kuma sukan kafa harsashin masallaci bisa inda suka ga rana ta fito. Alƙiblar Bengu tana karkata arewa daga gabas sak da kimanin daraja 20. Rana kuwa tana fitowa daraja 24 arewa da gabas a Yuni, daraja 24 kudu da gabas a Disamba. Da yake a rani muke gini, wanda ya bi mafitar rana a Disamba ya kauce da fiye da daraja 40. Gaskiya ne wanda ke nesa da Makka fuskantar jiha ake nema daga gare shi, amma mai kafa mihrabin da jama'a za su bi shekara da shekaru ya kamata ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Allah Ya sauƙaƙa mana hanya: sau 2 a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogonmu, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. A wannan lokaci, idan gari ya yi garau, wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar sanda ya fuskanci sandar, ya fuskanci Ka'aba.

Na huɗu, mu girmama ladananmu, mu kuma karantar da su. Hadisi ya siffanta ladan da cewa amintacce ne, domin sallar jama'a da azuminsu suna hannunsa. Dimashƙa ta ɗora babban masanin falakin zamaninta a kan wannan aiki, mu kuwa sau da yawa mukan bar shi ga wanda ya fi kowa ƙarfin murya, ba mu saya masa ko agogo ba. A cikin ƴaƴanmu da ke madarasa da makarantun boko akwai masu kaifin lissafi. A haɗa su da dattawan da suka san taku da manzilolin taurari, kowa ya ba ɗan'uwansa abin da yake da shi, sai gardama ta koma karatu.

Muna roƙon Allah Ya sanya mu cikin masu tsare salla a kan lokacinta, Ya karɓi azuminmu, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare mu yake, muna neman gafararSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.